MAGANI KYAUTA A MAGARIYA DA DUNGAS: WA KE BIYA?

Idan malka ta sauka a ƙasar Magariya, watau daga watan Agusta zuwa Satumba, gero yana bunƙasa a gona amma rumbu ya riga ya yi ƙasa, sauro kuma ya cika tabkuna da kududdufai. A wannan lokaci ne ƙofar babban asibitin Magariya takan cika da mata tun da asuba, kowace da goyonta. Wasu sun tako da ƙafa daga ƙauyukan kusa, wasu sun zo a kan amalanke ko kabu-kabu daga Bande da Waca, wasu kuwa daga can Dogo-Dogo. Ciwon yaran kusan iri ɗaya ne: masassarar cizon sauro, da tamowa, da ƙarancin jini, sau da yawa ma duka uku a jikin yaro guda. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwa cewa yaran da ke kwance a wannan asibiti sun haura 700, kuma a makonnin da suka gabaci sanarwar ana rasa kimanin yara 10 kowace rana.

Alhali kuwa tun shekarar 2006 hukumar Nijar ta yanke cewa duk yaron da bai cika shekara 5 ba za a duba shi a ba shi magani ba tare da iyayensa sun biya ko dala ba. To, in haka ne, me ya sa yara da yawa ba sa isa hannun likita sai ciwo ya ci ƙarfinsu? Amsar tana cikin wata gardama da aka daɗe ana yi a Yamai, tsakanin ministoci, da ƴan siyasa, da ƙungiyoyin ma'aikatan asibiti, da masu ba da taimako daga waje. Gardamar ita ce ta inshorar lafiya, wadda mutanen Nijar suka fi sani da sunan asurans. Tushenta tambaya ɗaya ce: idan talaka ya kwanta ciwo, wa zai biya kuɗin maganinsa, kuma yaushe zai biya?

ƘASAR DA MUTANENTA

Garin Magariya yana kamar kilomita 90 kudu da birnin Zindar, dab da iyakar Nijeriya. Da can Dungas tana cikin gundumar Magariya, sai a 2011, lokacin da aka ƙara yawan gundumomin ƙasa daga 36 zuwa 63, ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Dogo-Dogo, da Guci, da Malawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da 570.000 a Magariya, da fiye da 350.000 a Dungas. Wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a duk faɗin Nijar, gonaki kuwa sai ƙara tsukewa suke yi saboda rabon gado.

Mafi yawan mutanen manoma ne da makiyaya. Suna noman gero, da dawa, da wake, da gyaɗa, da riɗi, ga kuma rake a fadamun Korama. Manomi yakan ga kuɗi da kaka, in ya kai wake ko riɗi kasuwa. Ciwo kuwa ya fi kama ƴaƴansa da damina, lokacin da babu hatsi a rumbu, babu kuɗi a aljihu, matasan gida kuma ko suna gona ko ba su dawo daga cin rani ba. Duk wanda zai tsara yadda za a biya kuɗin magani a wannan ƙasa, lalle ne ya fara da sanin wannan saɓani na lokacin samu da lokacin ciwo.

DAGA AKWATIN MAGANI ZUWA BIYA KAFIN A DUBA KA

Dattawa suna tune da zamanin da ake shiga asibitin gwamnati ba a biyan kome. Tun shekarun 1960 aka horar da masu ba da taimakon gaggawa da ungozomomi a ƙauyuka, aka ba su akwatin magani. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙara wa wannan hanya ƙarfi, domin a can ne ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya kusa da talaka. Amma da kuɗin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya rame, sai asibitoci suka zama akwai malami, babu magani. Majiyyaci yakan fito da takardar sayen magani, watau ordonans, ya je ya nemi abin da aka rubuta masa da kuɗinsa.

A 1987 ministocin kiwon lafiya na Afirka suka hallara a Bamako, suka amince da wata dabara: majiyyaci ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa, a tara kuɗin a asibitin, a sake sayen magani da shi. A 1993 Nijar ta gwada hanya biyu. A gundumar Say, babba yana biyan sefa 200, yaro 100, duk lokacin da ciwo ya kawo shi. A gundumar Boboye kuwa, an ƙara sefa 200 a kan harajin kowane mai biyan haraji a shekara, sa'an nan in ciwo ya zo babba ya biya 50 kaɗai, yaro 25. Binciken da aka yi ya nuna hanyar Boboye ta fi jawo mutane zuwa asibiti, musamman talakawa da mata. In an lura da kyau, wannan hanya ita ce inshora ko da ba a kira ta da sunan ba, domin mai lafiya da marar lafiya duka sun zuba tun kafin ciwo. Duk da haka, hanyar Say ce ta bazu a ƙasa bayan dokar 3 ga Yuli 1995. Kafin nan kuma, a watan Janairu na 1994, an karya darajar sefa da rabi, abin da ya sa maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada ƙwarai.

Wannan tsari yana da nasa alheri. An kafa kwamitin jama'a mai kula da kuɗin kowane asibiti, wanda ake kira COGES, kuma magani ya samu a kanta. Aibinsa shi ne mai hannu da shuni kaɗai ke zuwa da wuri. Uwar da ba ta da dala 100 takan jira kwana biyu ko uku, ko mai gida zai samo rance, ko zazzaɓin zai sauka da kansa.

SHEKARAR YUNWA DA ZUWAN KYAUTA

Yunwar 2005 ta tona asirin wannan hali. Duniya ta ga hotunan yaran Maraɗi da Damagaram, kuma a wannan shekara ce MSF ta fara aiki a Magariya. A zamanin shugaba Tanja Mamadu aka ɗauki matakai bi da bi. A watan Nuwamba na 2005 aka ce haihuwa ta hanyar fiɗa kyauta ce. A 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa. A 2007 aka haɗa da ciwon dajin mama da na mahaifa. Tun 2001 kuma shirin musamman na shugaban ƙasa yana gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, da kuɗin da aka samu daga sassaucin bashin ƙasa.

Amfanin ya bayyana. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa a 1998, cikin kowane yaro 1.000 da aka haifa a Nijar, 226 suna rasuwa kafin su cika shekara 5. A 2009 kuwa adadin ya sauko zuwa 128. Masu binciken sun danganta wannan ci gaba ga abubuwa da dama: ɗakunan shan magani na ƙauye, da gidan sauro mai magani, da jinyar tamowa, da kuma maganin yara kyauta. Saboda haka babu mai gaskiyar da zai ce kyautar ba ta ceci rai ba.

TAFIYAR TAKARDA DAGA ƘAUYE ZUWA YAMAI

Sai dai kalmar kyauta tana iya ruɗa mai saurare. Maganin da aka ba yaro a Yekuwa ko a Guci saye aka yi, mota ta kawo shi, motar kuma ta sha mai. Abin da doka ta ce shi ne gwamnati ce za ta biya a madadin iyaye. Ga yadda aka tsara abin: asibitin karkara, wanda ake kira CSI, zai duba yaro ya ba shi magani daga abin da ke kantarsa. A ƙarshen wata shugaban asibitin, wanda jama'a ke kira majo, zai cika takardar neman biya, a kan sefa 500 ga kowane yaro. Takardar za ta je ofishin kiwon lafiya na gunduma, daga nan ta je na jaha a Zindar, daga nan ta je ma'aikatar kiwon lafiya a Yamai, a bincika ta, sa'an nan a miƙa ta ga ma'aikatar kuɗi. Sai baitulmali ya saki kuɗin ne asibitin zai iya sake cika kantarsa.

A nan gizo ke saƙa. Kuɗin da ake warewa a kasafin shekara bai kai yawan takardun da ke isowa ba, wanda aka ware ɗin ma ba duka ake saki ba. Asibitoci suka riƙa jira watanni, wasu har shekaru, bashin da suke bin gwamnati ya kai miliyar da yawa na sefa. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi diddigin lamarin, kuma littafin da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka fitar a 2014 game da Nijar, da Mali, da Burkina Faso ya nuna an yanke shawarar kyautar cikin gaggawa, ba a tanadi isasshen kuɗi ba, ba a kuma shirya ma'aikata ba. A watan Maris na 2012, a zamanin shugaba Mahamadu Isufu, an yi babban taron ƙasa a Yamai domin neman gyara.

Mai karatu ya dubi abin da wannan ke nufi a ƙauye. Yara ƙanana da masu ciki su ne mafi yawan masu zuwa asibitin karkara. In ba a biya kuɗinsu ba, asusun COGES ya dogara ke nan ga manyan da ke biya da hannunsu, su kuwa ba su da yawa. Asusu ya bushe, kanta ta zama wayam, mai gadi da mai shara ba su sami albashi ba. Uwa ta zo da yaro, an duba shi kyauta, amma an miƙa mata ordonans. Babu wanda ya soke dokar, tana nan a rubuce, amma wannan uwa ta koma halin da uwarta ta sani kafin 2006. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: nan ne masu tallan ƙwayoyi a tire da bayan keke suka sami kasuwa, da maganin da ya sha rana, ba a san asalinsa ba, ba a san ƙa'idar shansa ba.

Daga nan ra'ayi ya rabu. Wasu ma'aikatan asibiti suna cewa kyautar ce ta durƙusar da asibitoci, gara a koma kowa ya biya kaɗan, magani ya samu. Masu kare kyautar suna cewa laifin na rashin biyan bashi ne, kuma komawa baya daidai yake da rufe wa ɗan talaka ƙofa. Wasu kuma suna ganin a rage kyautar, a bar ta ga matalauta kaɗai. Amma a ƙauyen da kusan kowa talaka ne da damina, wa zai zauna ya ware wane ya cancanta, wane bai cancanta ba?

ZANEN ARO

A Magariya, taimakon waje ne ya daɗe yana rufe wannan giɓi. MSF ta yi shekaru tana aiki tare da ma'aikatar kiwon lafiya a sashen yara na asibitin gunduma, tana kawo magani, da abincin tamowa, da ƙarin ma'aikata lokacin damina, har ta taɓa buɗe wani sashen yara a Dungas domin rage wa Magariya cunkoso. A 2013 aka fara ba yara maganin rigakafin masassara wata-wata a lokacin ruwa, kuma Magariya tana cikin wuraren da aka fara. An kuma horar da wakilan kiwon lafiya a ƙauyukan da ke nesa da asibiti, domin su gwada jini su ba da maganin masassara, da gudawa, da ciwon haƙarƙari tun ciwo bai yi nisa ba.

Wannan aiki abin godiya ne. Amma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ƙungiya takan zaɓi garuruwan da za ta taimaka da shekarun da za ta yi, gwargwadon kuɗin da ta samu. Garin da ke cikin shirinta yana da magani, maƙwabcinsa ba shi da shi. Ranar da shirin ya ƙare kuma, mutanen da suka saba da samu sai su wayi gari babu.

Shekarun baya-bayan nan sun tabbatar da haka. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafin da suke zubawa a kasafin kuɗin Nijar, ƙungiyar CEDEAO kuma ta rufe iyakoki, har shigo da magani ya yi wuya, kafin a ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. Mutanen Magariya da Dungas, waɗanda cinikinsu ya ratayu ga Kano da kasuwar Maigatari, sun ji wannan a jikinsu. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da taimako, USAID, wadda ta daɗe tana ba da kuɗin yaƙi da masassara da tamowa a ƙasashen Afirka. Shawarar da aka yanke a wani birni mai nisa ta iso har tabarmar majiyyaci a ƙauye.

WAƊANDA INUWAR BA TA KAI GARE SU BA

Ko da a ce gwamnati tana biyan kowace takarda a kan kari, akwai waɗanda tsarin bai rufe su ba tun asali. Na farko shi ne yaron da ya cika shekara 5. Jiya maganinsa kyauta ne, yau sai an biya, alhali sauro bai san ranar haihuwa ba. Inda babu takardar haihuwa kuwa, gardama kan kaure tsakanin uwa da mai karɓar kuɗi a kan shekarun yaro. Na biyu shi ne magidanci, wanda in ya kwanta da damina gonar gida duka ta kwanta. Na uku su ne tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda maganinsu ba ya ƙarewa. Sa'an nan ga kuɗin hanya. Macen da naƙuda ta gagara a wani ƙauyen Malawa, fiɗarta kyauta ce, amma sai ta isa inda ake fiɗar, kuma man motar asibiti ba ya cikin kyautar. Saboda wannan ne wasu gundumomi suka ƙirƙiro karɓar sefa 100 daga kowane mai zuwa asibiti, a tara domin ɗaukar marasa lafiya, dabarar da ita ma ta jawo gardama, domin wasu na ganin ta saɓa wa dokar kyauta.

Ma'aikacin gwamnati yana da sauƙi, domin hukuma takan ɗauki kashi 80 cikin 100 na kuɗin kwanciyarsa a asibiti. Ma'aikatan manyan kamfanoni suna da asurans nasu. Amma waɗannan ƙalilan ne, mafi yawansu kuma a birane. Asusun CNSS yana kula da fansho, da kuɗin iyali, da haɗarin wurin aiki, ba da jinyar kowa da kowa ba. Manomi kuwa, asurans ɗinsa ita ce akuyar matarsa. In ciwo ya yi tsanani a sayar da ita, in bai isa ba a jinginar da gona, ko a ci bashin da za a biya da hatsi da kaka. Ta haka ciwon mako biyu ke jawo talaucin shekara biyu.

SABABBIN MATAKAI

A 2021, zamanin shugaba Mohamed Bazum, aka kafa wata hukuma mai suna INAM, aka ɗora mata nauyin biyan kuɗin maganin kyauta da kula da jinyar marasa ƙarfi, domin a sami mai biya guda ɗaya wanda kowa ya san ƙofarsa. Sa'an nan a watan Agusta na 2024, majalisar ministoci a ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani ta yanke a rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati daga ranar 1 ga Satumba 2024. Aka ce haihuwa ta zama kyauta, aka kuma soke sefa 150.000 da ake karɓa daga masu ciwon ƙoda kafin a fara yi masu wankin jini.

Jama'a sun yi murna da wannan mataki, kuma sun yi gaskiya, domin ya sauƙaƙa wa manyan da kyautar 2006 ba ta shafa ba. Amma darasin shekarun baya yana nan. Rabin da aka ɗauke wa majiyyaci bai ɓace ba, ya koma wuyan baitulmali ne. In an biya asibiti wannan rabi a kan lokaci, talaka ya ci riba sau biyu: kuɗi ya ragu, magani kuma yana nan. In ba a biya ba, asibitin da da ma yake rayuwa da kuɗin manya zai ƙara ramewa. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, kuma ƙasashe kaɗan ne suka taɓa cika wannan alkawari.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Nijar ba ita kaɗai ke cikin wannan gardama ba. Ghana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta ɗora ta a kan harajin kashi 2,5 cikin 100 na kayan saye da sayarwa, amma ita ma ta sha fama da jinkirin biyan asibitoci, ga kuma mutanen da kan faɗi daga tsarin saboda ba su sabunta katinsu ba. Ruwanda ta bi hanyar asusun taimakon juna, inda kowane gida ke zubawa a shekara, gwamnati kuma ta biya wa matalauta, har tsarin ya game mafi yawan jama'arta. Mali ta kafa inshorar dole ga ma'aikata a 2009, amma da aka fara yankar albashi sai wasu ƙungiyoyin ma'aikata suka fito zanga-zanga a 2011, domin ba a gamsar da su tun farko ba. Burkina Faso ta fara maganin yara da mata kyauta a 2016, ta kuma tsara a riƙa tura wa asibitoci kuɗi tun kafin aiki, ganin abin da ya sami masu jiran biya daga baya. Nijeriya ta sa hannu a kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022.

Har ƙasa mai arziki kamar Amurka ba ta huta ba. Dokar shugaba Obama ta 2010 ta shigar da miliyoyin mutane cikin inshora. A watan Yuli na 2025 shugaba Trump ya sa hannu a kan wata doka wadda ofishin lissafin kuɗi na majalisar ƙasar ya ƙiyasta za ta ƙara yawan marasa inshora da kimanin mutum miliyan 10 nan da 2034. A can ana fitar da mutum daga inuwa da ƙuri'ar majalisa, kowa yana gani. A ƙauyen Dungas kuwa ana iya fitar da shi shiru, da takardar da ta kwana a ofis ba a biya ba.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN KOWA

Wasu suna ƙyamar asurans, suna cewa yaya mutum zai biya kuɗin ciwon da bai zo ba? Amma Bahaushe ya san gayya, ya san adashi, ya san gudummawar biki da ta rasuwa, ya kuma san cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya hana shi zubawa shi ne rashin amana: ya sha ganin asusun da aka tara aka cinye. Saboda haka duk asusun lafiyar da za a kafa a Magariya da Dungas, ya kamata a karɓi kuɗinsa da kaka lokacin da manomi ke da shi, a ba kowane mai zubawa rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a, gwamnati kuma ta zuba a madadin wanda ba shi da hali. Gwajin Boboye na 1993 ya riga ya nuna talakan Nijar yana amsa irin wannan kira.

Ma'aikatan hukuma, daga majo har zuwa mai sa hannu a baitulmali, su sani kowace takardar neman biya tana wakiltar yaran da aka riga aka ba magani, da waɗanda za su zo gobe su tarar da kanta. Cika ta daidai ba tare da ƙarin ƙarya ba, da tura ta da wuri, da biyanta kafin damina, aikin ceton rai ne kamar na mai riƙe da allura. Magadan gari da sarakuna kuma su sa ido a kan asusun ɗaukar marasa lafiya, kada motar asibiti ta tsaya don rashin mai.

Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci suna da babban rabo cikin wannan aiki. Su ne za su iya karanta allon farashi da ke ƙofar asibiti, su faɗa wa maƙwabta abin da ke kyauta da abin da aka rage. Su ne ya kamata su shiga kwamitin COGES, su duba littafin shiga da fita, su tambayi nawa asibitin garinsu ke bin gwamnati, tun kuma yaushe. Su gargaɗi iyaye su yanki takardar haihuwa, su adana katin awo, su kwana cikin gidan sauro, su karɓi maganin rigakafi na damina, su kuma kai yaro asibiti ranar da zazzaɓi ya fara, kada a jira sai ya sanƙame.

Gwamnati ta yi alkawari a 2006, ta ƙara wani a 2024, alkawari kuwa kaya ne. Mutanen Magariya da Dungas za su auna cikarsa a watan Agusta, ranar da uwa ta miƙa hannu a tagar asibiti: ko a sa mata magani, ko a sa mata takarda. Allah ya ba shugabanni ikon saukewa, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa a ga kaka lafiya.